Darasi Na Tara: Taskokin Intanet da Kayan Aikin Mai Tsara Zane da Shafi

Manufar darasi

In Allah ya yarda, wanda ya nazarci wannan darasi, ya kuma aikata abin da aka umurta a ƙarshensa, zai iya rarrabe manhajojin zane gwargwadon aikin da kowace ta fi dacewa da shi, zai san inda ake samun haruffa masu ƙugiya da na ajami, zai fahimci hukuncin ɗaukar hoton wani daga intanet, kana zai san matakan farko na gina shafin da zai buɗe a wayar mutumin ƙauye ba tare da ya cinye masa data ba.

1. Sana'a tsohuwa, alƙalami sabo

Ya ku ɗalibai, ku sani cewa tsara rubutu da zane a bisa takarda, yadda ido zai ji daɗin kallo, hankali kuma ya kama ma'ana ba da wahala ba, sana'a ce wadda ta daɗe a ƙasar Kabi tun kafin a ji sunan kwamfuta. Malaman da suka riƙa kwafe littattafan Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, da alarammomin da suka rubuta Alƙur'ani da ka bisa riwayar Warshu, sun kasance suna rubuta baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da ɗigon rawaya, suna barin fili a gefen takarda domin ta'aliƙi, suna kuma ƙawata farkon sura da wurin sujada da alamu, domin almajiri ya gane inda yake ko da fitilarsa ba ta da ƙarfi. Haka nan mai zayyanar allon sauka yana auna dama da hagu har su yi daidai kafin ya zuba launi. Dukan waɗannan sun kiyaye ƙa'idoji huɗu waɗanda har yau su ne ginshiƙin sana'ar, watau girman harafi, da tazara, da launi, da daidaito.

Da boko ya shigo, aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sai aikin ya koma hannun masu jera haruffan dalma, waɗanda da ƙoƙarinsu ne aka samar da littattafan da aka yi Yaƙi da Jahilci da su. A wancan zamani kayan aikin suna da tsada ƙwarai, ba mai mallakarsu sai hukuma ko babban kamfani. Yau kuwa, cikin ikon Allah, mafi yawan abin da madaba'a guda take yi a da ya tattaru a cikin wayar da ke aljihunku, kuma da yawa daga cikin kayan aikin kyauta ne ga duk wanda ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

2. Buƙatar da ke gabanmu

Augie, inda muke, ƙasar shinkafa ce, kamar sauran garuruwan fadamar Rima. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, aka kuma buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017, ga ta Labana a Birnin Kebbi, sunan shinkafar Kabi ya kai kasuwannin Legas. Amma ƙaramin mai injin casa, da ƙungiyar matan da ke turara shinkafa, ba za su ci moriyar wannan suna ba matuƙar buhunsu bai ɗauke da tambari da adireshi da lambar wayar da mai saye zai neme su da ita. Ga kuma bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, wanda kowane zuwansa yana buƙatar fosta da bana da jadawali. Ban da waɗannan akwai katin ɗaurin aure, da takardar walimar sauka, da shaidar kammala Islamiyya, da sanarwar rigakafi. Aiki dai ga shi nan jibge, kuma da yawa daga cikinsa sai an tafi Argungu ko Birnin Kebbi ko Sakkwato kafin a samu mai yi.

Mizanin da za ku auna kowane kayan aiki da shi a wannan darasi guda ɗaya ne: shin zai taimaka saƙon ya isa ga wanda aka nufa, a cikin harshensa, a kan wayarsa ko bangon garinsu, ba tare da an tauye haƙƙin kowa ba? Manhajojin da ke intanet sun fi gaban ƙidaya, mai koyo kuwa yakan ruɗe ya sauke ashirin bai ƙware a ko ɗaya ba. Ku dubi masuncin da ke shiga kogin Matan Fada ranar biki, ba ya ɗaukar komai sai homarsa da gorarsa, amma domin ya san su ciki da bai, da su yake fito da giwan ruwa. Ku zaɓi kaɗan, ku lazimce su.

3. Manhajojin zane

Kafin a ambaci sunaye, wajibi ne a fahimci cewa hoto a kwamfuta iri biyu ne. Na farko shi ne wanda aka haɗa da ƙananan ɗigogi masu launi, kamar hoton da kyamara ke ɗauka. Idan aka ja shi ya wuce girmansa na asali sai ya dushe, gefensa ya yi kaca-kaca. Fayilolin JPEG da PNG na wannan sashe ne. Na biyu shi ne wanda kwamfuta ke ajiyewa a matsayin layuka da lanƙwasa bisa lissafi, saboda haka ko an mai da shi girman hatimi ko girman allon kan titi, kaifinsa ba ya canjawa. Fayil ɗin SVG na wannan sashe ne. Ƙa'idar da za ku haddace ita ce, hoton mutum ko na gona a yi shi da ɗigo, tambari kuwa a yi shi da layi, domin tambarin da aka zana yau saboda katin kasuwanci, gobe za a nemi a buga shi a jikin buhu ko a ƙofar shago.

Wanda ba shi da komai sai waya, yana iya farawa da Canva, wadda Melanie Perkins da abokan aikinta suka fito da ita a Ostiraliya cikin 2013, wadda ke da dubban samfurori da aka riga aka tsara, mutum ya canja rubutu da hoto kawai. Fa'idarta sauri, aibinta kuwa shi ne tana buƙatar intanet, sa'an nan wanda ya dogara da samfuri kaɗai zai wayi gari aikinsa ya yi kama da na kowa. PixelLab kuma, wadda matasa da yawa ke amfani da ita a wayar Android, tana aiki ko ba data, tana kuma karɓar salon haruffan da mutum ya sauke da kansa, abin da ke da muhimmanci ga mai rubuta Hausa kamar yadda bayani zai zo.

Wanda ya samu kwamfuta, akwai manhajoji uku na kyauta waɗanda masu su suka halatta wa kowa ya sauke ya yi kasuwanci da su: GIMP, wadda ta fito a 1996, domin gyaran hoto, Inkscape, ta 2003, domin tambari da zanen layi, da Scribus domin tsara littafi da mujalla. Akwai kuma Photopea, wadda ake buɗewa a cikin burauza ba sai an girka ta ba, tana kuma karanta fayilolin Photoshop. Amma ku sani mafi yawan wuraren buga takardu a Najeriya sun saba da CorelDRAW, wadda wani kamfanin Kanada ya fitar a 1989, ita da manhajojin Adobe kuwa na kuɗi ne. An saba ganin kwafin sata na waɗannan yana yawo a filashi, kuma nasiharmu ita ce ku nisance shi, domin ban da kasancewarsa cin haƙƙin masu shi, sau da yawa yakan zo da ƙwayar cutar kwamfuta wadda ke lalata aikin wata guda cikin dare ɗaya. Abin da ya halatta kyauta ya wadatar da mai farawa, in kasuwa ta buɗe sai ya sayi lasisi.

4. Haruffa: ƙugiya da ajami

A nan ne mai zanen Hausa ya fi buƙatar natsuwa, domin mafi yawan salon haruffan da ke intanet an ƙera su ne saboda harsunan Turai, ba a sa ɓ da ɗ da ƙ a cikinsu ba. Bayanin abin shi ne, tun 1991 akwai tsarin duniya mai suna Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa: ƙ tana da U+0199, ɗ tana da U+0257, ɓ tana da U+0253. Lambar tana nan ko'ina, amma siffar harafin sai in maƙerin salon ya zana ta. Idan bai zana ba, ɗayan abu biyu ne zai faru: ko dai ka ga ɗan akwati fanko a tsakiyar kalma, ko kuwa na'ura ta aro harafin daga wani salo dabam, sai ka ga kalmomin «shinkafar ƙasa» duk haruffansu masu kauri ne, ƙ ɗin kaɗai siririya, ta karkace, ta fi 'yan'uwanta tsawo. Masu gaggawa sukan kauce wa matsalar ta hanyar zubar da ƙugiyar gaba ɗaya, alhali kuwa yin haka yana sauya ma'ana, yana kuma koya wa yaran da ke karanta allunan titi rubutun da malaminsu zai soke a aji.

Maganin abin yana da sauƙi. Taskar Google Fonts, wadda aka buɗe a 2010, tana ba da haruffa kyauta da lasisin da ya halatta kasuwanci, kuma a cikinta akwai Noto Sans da Noto Serif, da Andika, wadda ƙungiyar SIL ta ƙera musamman domin masu koyon karatu, da Charis da Gentium na wannan ƙungiyar, dukansu suna da haruffanmu manya da ƙanana. Kafin ku amince da kowane salo, ku gwada shi da wannan layi: «Ɗan ƙauye ya ɓare gyaɗa. Ƙosai ya ƙare. Ɓawo ya faɗi. ₦500.» In kowane harafi ya fito da kauri ɗaya da tsawo ɗaya, salon ya ci jarrabawa. Wanda zai yi wa maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar aiki ya ƙara da ƴ, domin da ita suke rubuta abin da muke rubutawa da 'y. Wajen bugawa kuwa, allon rubutu na Gboard yana da Hausa a waya, a kwamfuta kuma ana girka Keyman.

Kada kuma a manta cewa a garuruwanmu akwai dattawa da mata da yawa waɗanda ajami ya fi musu boko sauƙi, sanarwar da ta ɗauki rubutun biyu kuwa ta fi isa ga jama'a. Domin wannan akwai Alkalami, wanda aka ƙera bisa hannun marubutan Kano, da Harmattan, dukansu na SIL, suna kuma cikin Google Fonts. Amma idan ayar Alƙur'ani za a sa, kada mai zane ya buga ta da hannunsa daga hadda. Ya ɗauko nassin daga tushe ingantacce, kamar Madaba'ar Sarki Fahad da ke Madina, wadda ta fitar da haruffan Hafsu da na Warshu, sa'an nan ya kai wa alaramma ya duba kafin a buga. A ƙarshe, salo biyu sun isa takarda guda, ɗaya na kanu ɗaya na bayani. Abin da ya wuce haka hayaniya ce.

5. Hotuna da haƙƙin masu su

Malamanmu sun koyar da cewa yana daga albarkar ilmi a jingina magana ga mai ita, wannan ladabi kuwa ya hau kan hoto kamar yadda ya hau kan magana. Kasancewar hoto ya bayyana a binciken Google ba ya nufin mai shi ya yafe. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kare hoto da zane kamar yadda ta kare littafi. Saboda haka ku ɗebo daga inda aka ba da izini a bayyane. Unsplash da Pexels da Pixabay suna ba da hotuna kyauta bisa sharuɗɗan da suka rubuta. Wikimedia Commons, wadda aka kafa a 2004, tana da hotunan ƙasarmu, har da na bikin Argungu, mafi yawansu a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ke da alamu da ya kamata ku sani: BY na nufin a ambaci mai hoton, SA na nufin abin da ka gina a kai ka sake shi da irin wannan lasisi, NC, wadda za ku tarar a wasu taskokin, na nufin ban da kasuwanci, ND na nufin kada a sauya, CC0 kuwa mai shi ya yafe duka.

Sai dai waɗannan taskoki suna da gibi, domin idan ka nemi hoton gonar shinkafa, galibin abin da zai fito na Asiya ne, da tuddai masu hawa-hawa da manoma masu hular da ba tamu ba, kuma mai saye a kasuwar Argungu zai gane a kallo ɗaya cewa wannan ba fadamarsu ba ce. Hotunan da ƙirƙirarriyar basira ke samarwa su ma sukan kuskure naɗin rawani da ɗinkin riga, sukan kuma ɓata rubutu. Mafi inganci shi ne ka fita da wayarka da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ba ta tsaya a ka ba, ka goge gilashin kyamara, ka juya wa rana baya, ka zuba shinkafar a faifai mai tsabta, ka ɗauka kusa har ƙwayar ta fito. In mutum zai fito a hoton, ka nemi izininsa, ka gaya masa inda za a sa. In mace ce ko yaro, a nemi yardarta da ta waliyyi, domin mutunci ya fi kowace talla tsada.

6. Launi da bugu

Sau da yawa mai koyo yakan tsara fosta, koren ya yi shar a fuskar waya, in an bugo sai ya ga ya koma kamar ganyen da ya kwana. Dalili shi ne waya tana haɗa launi da haske uku, ja da kore da shuɗi, wanda ake kira RGB, injin bugu kuwa yana haɗawa da tawada huɗu, wadda ake kira CMYK, kuma akwai launukan da haske ke iya nunawa tawada ba ta iya kai musu. Don haka aikin da za a buga a tsara shi da CMYK in manhajar ta ba da dama, a kuma nemi gwajin kwafi ɗaya kafin a ba da umurnin dubu. Hoton bugu yana son ɗigo 300 a kowane inci, watau takardar A4, mai milimita 210 da 297, tana buƙatar ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, a fitar da aikin a fayil ɗin PDF domin haruffa su tafi tare da shi, in kuma ta WhatsApp za a aika, a tura shi a matsayin takarda, domin in an tura a matsayin hoto manhajar tana matse shi ta rage masa kyau.

Wajen zaɓen launukan da suka dace da juna, Coolors da Adobe Color suna taimako, amma abin da ya fi kyau muhimmanci shi ne a iya karantawa. Ƙa'idar da masana shafukan intanet suka amince da ita ita ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, kuma shafin WebAIM yana auna wannan kyauta. Rawaya a kan fari ba ta karantuwa, ja a kan kore kuma yana wahalar da wasu mutane, galibinsu maza, waɗanda idonsu ba ya rarrabe su sosai. Ku tuna kuma cewa banar da aka rataya a bakin hanyar Argungu, mai babur ne zai karanta ta yana wucewa, saboda haka abin da ake yi, da rana, da wuri, su ne za su fi komai girma.

7. Gina shafin intanet

Tim Berners-Lee ne ya gabatar da tsarin yanar gizo a 1989, yana aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba, shafin farko kuma ya fito ga jama'a a 1991. Har yau kowane shafi yana tsaye ne a kan abu uku: HTML mai tsara abin da ke ciki, CSS mai kula da siffa da launi, da JavaScript mai sa shafi ya amsa wa mai taɓa shi. Figma, wadda ta fito a 2016, ana zana fasalin shafi da ita a nuna wa mai aiki kafin a fara gini. Wanda bai kai ga rubuta waɗannan harsuna ba yana iya amfani da WordPress, ta 2003, wadda fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke gudana a kanta. Shafi yana buƙatar suna da masauki: sunaye masu ƙarewa da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, ana kuma sabunta su duk shekara. Masauki ana haya, ko da yake GitHub Pages tana ba ƙaramin shafi wuri kyauta, Let's Encrypt kuma tana ba da shaidar tsaro kyauta. Amana ce a kan mai gini ya yi rajistar sunan da sunan mai shafin, ya kuma miƙa masa kalmar sirri, kada ya riƙe su domin ya ɗaure shi.

Wanda zai buɗe shafin nan a Augie, mafi rinjayen zato da waya zai buɗe, da datar da ya saya da guminsa, a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Saboda haka a fara tsara shafi domin ƙaramar fuska, a guji bidiyo mai kunna kansa, a kuma rage nauyin hotuna: hoton waya yakan kai megabayit 3 ko fiye, amma Squoosh ko TinyPNG suna iya mai da shi ƙasa da kilobayit 200 ba tare da ido ya ga bambanci mai yawa ba. PageSpeed Insights tana auna saurin shafi, ta kuma faɗi abin da ke jan sa baya. A saman shafi a bayyana tsarin UTF-8 domin ƙugiyoyi su fito daidai, a sa alamar harshe «ha» domin injin bincike ya san Hausa ce, a kuma rubuta wa kowane hoto taƙaitaccen bayani saboda makafi masu amfani da manhajar karantawa. Gaskiya kuma ita ce ba kowane ɗan kasuwa ke buƙatar shafi ba. Wani abin da zai amfane shi shi ne a sa shagonsa a taswirar Google, a tsara masa kundin kaya a WhatsApp Business, kuma mai sana'ar kirki zai gaya masa haka ko da ladansa zai ragu.

8. Wuraren ƙarin ilmi da ladubban sana'a

Mai neman zurfi yana da freeCodeCamp, wadda aka kafa a 2014, mai koyarwa daki-daki kyauta, da W3Schools domin gwaji nan take, da MDN domin tabbatar da ƙa'ida. A Behance da Dribbble kuma ana ganin ayyukan gwanaye, a koyi dalilin kyansu ba tare da an kwafe ba. Mafi yawan waɗannan da Ingilishi suke, wannan kuwa hujja ce a kanku ta ku riƙe darasin Ingilishi da kyau, kuma wanda Allah ya buɗa wa ya juyo ya karantar da 'yan'uwansa da Hausa. Mai son takardar shaida yana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi, da Jami'ar Jiha a Aliero, ga kuma shirin koyar da fasaha na 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023.

Daga cikin ladubban sana'ar akwai ajiye kwafin kowane aiki a wuri biyu, Google Drive kuwa tana ba da gigabayit 15 kyauta; da yin yarjejeniya kan farashi da adadin gyara tun kafin a fara; da karanta wa mai aiki sunaye da lambobi da kwanan wata, na Hijira da na Miladiyya, har ya amince; da nisantar sa aya ko sunan Allah a takardar da aka san za ta ƙare a ƙasa; da ƙin ƙirƙiro lambar NAFDAC ko tambarin hukuma ga wanda bai mallaka ba; da ƙin haɗa hoton ƙarya domin ɓata sunan wani, ko nawa aka biya. Wanda ya haɗa ƙwarewa da waɗannan, jama'a za su neme shi, Allah kuma ya sa albarka a cikin abin da ya samu.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin hoton ɗigo da zanen layi, kuma wanne ya dace da tambari? Kawo dalili.
2. Me ke sa akwati ya fito a madadin ƙ, kuma yaya ake gwada salon haruffa?
3. Bayyana ma'anar BY da NC da CC0.
4. Don me launin waya ke saɓa wa launin bugu?
5. Kawo abubuwa uku da ke sa shafi ya buɗe da sauri inda sabis ba shi da ƙarfi.

Aikin yi

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi sana'a guda ta garinku, ko casar shinkafa ko busasshen kifi ko ɗinki, ya ɗauki hotonta da izinin mai ita, ya tsara talla a girman A4 da salon haruffa biyu masu ƙugiya da launuka uku. A buga kwafi ɗaya, a manna a bango, a sa wani dattijo da wani yaro ɗan firamare su karanta daga nisan taku biyar, a rubuta duk inda suka yi tuntuɓe, a gyara, sa'an nan a kawo kwafin farko da na biyu a darasi mai zuwa.